Yadda Cindo Mai Faci Ya Goya Gagarau

Yabo ya tabbata ga Wanda ya halicci giwa ya halicci kiyashi, ya auna wa kowannensu numfashinsa, ya kuma hukunta cewa wasu bayinsa za su yi suna a fagen fama, wasu kuwa a ƙarƙashin bargo. Bayan haka, ga tarihin gwarzon gwaraza, sadaukin sadaukai, Cindo ɗan Nomau, ɗan Kakale Mai Baƙin Baka, ɗan Barmo wanda ya kwana a kogon damisa ya bar damisar tana rawar ɗari a waje, ɗan Jatau Sha-Dafi wanda in ya yi gyaran murya a bakin daji sai namun dawa su kwashe 'ya'yansu su yi hijira. Gida ne na farauta tun kaka da kakanni, gidan da ba a taɓa cin tuwo da miyar lami ba, gidan da yaro kan iya ɗana kibiya tun bai iya ɗaura wando ba.

A wannan gida mai alfarma aka haifi Cindo da ɗan yatsa na shida yana reto a hannun dama, maroƙa suka cika gari da shela cewa an ƙara masa shi ne musamman don jan tsarkiyar baka. Da ya tasa aka fita da shi daji. Ba a yi nisa ba zomo ya tashi a gabansa ba sallama, gwarzon namu ya watsar da gorarsa, ya kama hanyar gida da gudun da har yau masu ruwaya ke jinjina masa. Daga ranar ya yi wa daji bankwana na har abada, ya kafa sansaninsa a bakin babban titin Funtuwa, ya zama mai faci. Kada mai karatu ya taɓe baki, don a wannan fage ma ya kafa tuta. In ya ɗaga guduma direbobi kan yi masa kirari: Dodon tayoyi! Mai sa tirela ta ɗaga ƙafa! Sarkin iska, cusa ta inda ka so! Na Tabawa, ƙusa ta san da zamanka! Tabawa matarsa ce, kuma za a ji labarinta, don ba a bayan idonta aka yi wannan yaƙi ba.

Shi kuwa mahaifinsa, Baba Nomau, tsoho ne mai tsadar magana. Bai taɓa zagin ɗansa a kan gudun zomo ba. Abin da ya fi zagi ciwo ya yi, ya daina sa shi cikin lissafi in ana zancen maza. In baƙo ya tambaye shi iyali, sai ya fara da karnukansa. Cindo ya san da haka, kuma abin yana cin sa a rai, ko da yake ko Tabawa bai taɓa faɗa wa ba.

Su ma karnukan da tasu salsalar, tun daga Duna na zamanin Barmo har zuwa Hana-Gudu, karya mai dogon wuya da siririn ciki, wadda ba ta taɓa komowa gida da baki wayam ba. A daminar da muke magana maciji ya sare ta tana jego, 'ya'yanta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, sai guda ya rage, ɗan kwikwiyo da bai cika tafin hannu biyu ba, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wanda tsohon ya raɗa wa suna Gagarau. Ana cikin wannan makoki likitoci suka yanke wa tsohon hukuncin zuwa Zariya a yi masa aikin ƙaba, ya kuma yi jinya a gidan 'yarsa da ke aure can. Ranar tafiya ya tsaya a ƙofar gidan Cindo, ya zura hannu cikin burgaminsa, jakar fatar da mafarauta ke ratayawa, ya zaro magajin Duna yana hamma.

"Kai Cindo, ga amana. Daga shi babu saura. In na dawo na tarar babu shi, to gidan Barmo ya rufe farauta."

"Haba Baba, ai kamar yana hannunka."

"Da ina da wanda zan ba, da ban zo nan ba," in ji tsohon, ya juya ya nufi tasha.

To, lokacin marka ne, sama ta tsuke fuska, ruwa ba ya tsayawa sai don ya huta ya dawo. Ita kuwa Tabawa, Sarauniyar Tsakar Gida, Uwar Tsintsiya, mace ce da kan wanke sabulu kafin ta yi wanki da shi. Ta dubi amanar surukinta daga nesa, ta toshe hanci, ta zartar da doka cewa wannan halitta tana wari, tana da ƙuma, kuma iyakarta zaure. Sadaukinmu ya ji zafin wannan ƙazafi da aka yi wa jinin Hana-Gudu, ya ɗaura aniyar wanke sunan gidansu da ruwa da omo. Ya saɓi Gagarau ya nufi sansani, inda yake da rabin duro cike da ruwan sama, wanda a ciki yake tsoma tif, wato robar cikin taya, don gano inda take yoyon iska. Shekara da shekaru duk abin da aka kawo masa a nan yake fara tsoma shi, bai ga dalilin da zai sa kare ya fita daban ba. Ya tsoma shi, ya cuɗe shi, ya ɗauraye. Da ya ga babu rana, kuma ɗan tahalikin yana karkarwa, sai tausayi ya kama shi, hikima ta sauko masa: ya tayar da injin iska, ya saita tiyo, ya busar da shi tas tun daga hanci har wutsiya. Masu shayin da ke kusa sun shaida cewa a wannan rana kunnen da ke kwance ma ya miƙe.

Ta wannan ƙofa abokin gaba ya shigo. Shi ne Sanyin Haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya, Sarkin Yaƙin Marka, ma'abocin tari da majina, wanda ba ya buga tambari in zai kawo hari. Ya fara aiko 'yan leƙen asiri da siffar atishawa. Washegari rundunar majina ta mamaye ƙofofin hanci biyu, zazzaɓi ya kafa tuta a kunnuwa, kafin a ankara babban sarkin da kansa ya sauka a huhu ya baje shimfiɗa. Gagarau ya juya wa madara baya, ya kwanta ya miƙe wuya, haƙarƙarinsa na hawa da sauka, wani siririn sauti na fita daga ƙirjinsa.

Cindo ya durƙusa ya kara kunne. Wannan sauti ya san shi, da shi yake ci da iyalinsa. Ya ɗago kai da natsuwar masani ya ce, "Yana sacewa." Nan take ya kaɗa kumfar sabulu ya fara ɗiga wa haƙarƙarin yana jiran ya ga inda za ta yi ƙwai. Da bai gani ba ya fara waiwayen bokiti.

"Malam," in ji Tabawa daga bakin ƙofa, "wallahi in ka sake tsoma ɗan mutane a ruwa, ni da kaina zan kira Baba a waya."

Aka kira majalisar yaƙi a teburin mai shayi. Wanzamin unguwa ya ce a yi masa ƙaho. Wani tsohon maharbi ya ce a dama masa albarushi a fura, ko ya warke ko ya mutu da zuciya. Wani kwandasta ya rantse da baƙin mai, ya ce shi da kansa ya taɓa ba akuya, sai dai bai tsaya ya ga ƙarshen labarin ba. Gwarzonmu ya komo gida da waɗannan fatawoyi, Tabawa ta saurare su har ƙarshe, sannan ta miƙo masa leda da tsohon tawul ta nuna masa hanyar asibitin dabbobi. Ya hau babur cikin yayyafi, ya ratsa kwatoci da kududdufai, ya isa ya shiga layi a tsakanin masu bijimai da masu raguna, kowa riƙe da igiyar dabbar da ta isa a kira ta dabba, shi kuwa yana rungume da tawul mai tari.

Likitar mace ce mai gilashi, wadda ba ta da lokacin kirari. Ta sa abin sauraro a ƙirjin Gagarau, ta daɗe, sannan ta tambayi yadda aka yi. Cindo ya ba da labarin wanka, ya so ya tsaya nan, amma ta ci gaba da kallonsa har ya kai ga injin iska. Ta cire gilashin, ta goge shi, ta mayar, ta sake dubansa ko zai canja. Ta yi wa majiyyacin allura, ta ba da maganin ruwa da sirinji marar tsinke na ɗura shi, sannan ta karanto sharuɗɗan yaƙi: ɗumi ba dare ba rana, ban da hayaƙi ko na garwashi, tururin ruwan zafi ya riƙa shaƙa, a riƙa bubbuga masa haƙarƙari a hankali don majinar ta saki, abinci kaɗan-kaɗan.

"In ka ga harshensa ya fara shuɗi, ka dawo da shi da gudu. Kuma Malam, ban yi maka alkawari ba. Ƙarami ne ƙwarai."

"Ranki ya daɗe, ko zan ɗan ƙara masa iska..."

"Kada ka kuskura ya sake ganin injin nan."

Zaure iska ke kaɗawa ta ƙofa biyu, madafa hayaƙi, ɗaki kuwa haramtacciyar ƙasa ce. Saboda haka aka yi zaman sulhu a tsakar gida, wanda tarihi ya sani da Yarjejeniyar Bakin Rijiya. Tabawa ta sallama ɗakin shirgi, inda tsofaffin tayoyi da buhunan masara ke zaune, bisa sharaɗin cewa duk kwanon da bakin kare ya taɓa, Cindo ne zai wanke shi da hannunsa wanki bakwai, na farko da ƙasa, kamar yadda ta koya a Islamiyya. Ya amince da gaggawar wanda bai karanta ƙarshen magana ba. Sai da ya gama wanke na farko ya miƙa mata, ta ce Allah ya ba da lada, amma ita kam ba ta ƙara cin abinci a ciki, ya ajiye wa ɗansa. Haka kwanukan gidan suka riƙa faɗuwa a fagen daga ɗaya bayan ɗaya: ƙaramar tasa ta riga kowa, kwanon sha ya bi ta, sai wata langa mai furanni da ta zo da ita tun ranar aure, wadda Tabawa ta tsaya a kanta ta yi salati mai tsawo.

Gumurzun farko na ɗura magani ne. Mutumin da ke ɓare tayar tirela daga jikin ƙarfenta da ƙarfe biyu da guduma, shi ne ya durƙusa gaban bakin da bai kai na kwalba ba, ya kasa buɗe shi. Ya lallasa, ya roƙa, ya ambaci sunayen kakannin kare tun daga Duna. Da ya ga lalama ba ta ci ba ya yi kururuwar yaƙi, "Buɗe, ɗan Hana-Gudu!" ya danna sirinji. Harbin farko ya sauka a hannun rigarsa. Na biyu ya sami gemu. A na uku Gagarau ya yi atishawa daidai lokacin da ya dace, maganin ya komo wa mai shi a ido, sadaukin ya fito daga ɗakin shirgi yana lalube yana kiran a kawo ruwa. Sai a karo na gaba ya gano cewa ta gefen baki ake bi, kamar yadda likita ta nuna masa tun farko yana tunanin injinsa.

Sai babban artabu, wato na tururi. Likita cewa ta yi ɗan kwikwiyon ya shaƙi tururi, ba ta faɗi fiye da haka ba. Amma Cindo hanya ɗaya ya sani ta shaƙar tururi, ita ce sirace irin na iyaye da kakanni, wanda ake lulluɓe mutum da bargo a kan tukunya har sai ya fara tuba daga zunubansa. Kuma tun da ba a barin amana ta shiga wuta ita kaɗai, ya tuɓe riga, ya ajiye tukunyar ruwan zafi a gefe guda, kwandon Gagarau a ɗaya gefen, ya zauna a tsakani ya zama ganuwa, ya ja bargo ya rufe su duka. Abin da ya gudana a cikin wannan duhu Allah kaɗai ya sani. Zufa ta kwaranyo masa ta inda bai san yana da ƙofofi ba, idanunsa suka yi jajir, ya ga kakansa Kakale yana yafuto shi. Ana cikin haka maƙwabcinsa Ilu mai gyaran rediyo ya shigo aron tsani, ya leƙa ɗakin shirgi, ya ga tulin bargo yana motsi yana tari da murya biyu, ɗaya kauri ɗaya siririya. Bai tsaya karɓar tsanin ba. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa an kama aljani a gidan mai faci ana yi masa tambayoyi.

Bubbuga haƙarƙari ma sai da ya zama fitina, don hannun da ya saba da guduma bai san a hankali ba. Ya ce bari ya gwada a jikin tumatir tukuna, tumatirin ya riga mu gidan gaskiya nan take. Tabawa ta gaji da kallon ɓarna, ta zo ta tsaya a bayansa, ta lanƙwasa tafinta ta bubbuga masa baya irin yadda ake wa jariri in ya sha nono. "Haka, Malam. Ba bashi kake bin sa ba." Da haka Dodon Tayoyi ya koyi taɓa abu ba tare da ya lotsa shi ba, yana da furfura a gemu.

Duk da wannan jarumta abokin gaba bai ja da baya ba. Aka wayi gari wata Laraba ruwa na zuba tun asuba, Gagarau ya ƙi madara, ya ƙi koko, ya ƙi ko ɗaga kai. Kunnuwansa da tafin ƙafafunsa suka yi sanyi. Cindo ya buɗe bakin ya duba harshe, bai yi shuɗi ba tukuna, amma ya koɗe. Tsummokaran da aka naɗe shi da su duk sun sha danshi, garwashi kuwa an hana. A nan alƙalamin mai tarihi ya kamata ya sassauta, don babu kirarin da ya dace da abin da ya biyo baya. Cindo ya fito ya zauna a dokin ƙofar ɗakin shirgi, ruwan indararo na fallatsar masa a ƙafa bai janye ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, wanda ya fi na zomo.

"Tabawa," ya ce, bai ɗago kai ba, "tun da aka haife ni, sau ɗaya tak Baba ya taɓa ba ni ajiya."

Tabawa ta juya. Ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar buɗe akwati, ta fito da majanyin saƙi wanda da shi ta goyi 'ya'yanta duka har suka yi aure suka bar gidan, da wani zane mai kauri.

"Tashi ka cire rigar."

"Me za a yi?"

"Ɗumin da babu hayaƙi ai a jikinka yake. Ɗauko shi ka manna a ƙirji, ni ba zan taɓa ba. Ɗaga hannu. Kai Malam, ɗaga hannu mana, sai ka ce ba ka taɓa ganin goyo ba!"

Ta naɗe su tare, ta ja majanyi ta ƙulle a bayansa tamau, irin ƙullin da ba ya kwancewa ko uwa na daka. Sannan ta nuna masa kazarta mai wake-wake, wadda take tattali tun tana tsako, ta miƙa masa wuƙa ta kau da kai. Wannan kaza ita ce kaɗai jinin da aka zubar a duk tsawon yaƙin, Allah ya sa ta huta. Aka yi romo ba gishiri ba yaji, aka bar shi ya huce. Aka kawo cokali, Gagarau ya ƙi. Aka kawo sirinji, ya datse baki. Cindo ya tsoma hannu a romon don ya ji ko ya yi sanyi da yawa, ya ɗago zai gyara majanyi, sai ɗan yatsan nan na shida, mai laushi marar ƙashi, ya gogi hancin majiyyacin. Hancin ya motsa. Wani ɗan harshe ya leƙo ya lasa, ya koma, ya sake leƙowa, sannan bakin da ya gagari sirinji ya buɗe da kansa ya kama yatsan yana tsotsa. Cindo ya riƙa tsomawa yana miƙawa har romon ya yi ƙasa, hawaye na bin gemunsa, Tabawa kuwa ta ce hayaƙin madafa ne ya shigar mata ido, alhali tuni wutar ta mutu.

Daga wannan rana goyo bai sauka ba sai in za a yi salla, inda sadaukin kan kwance, ya wanke jiki, ya canja tufa, ya idar a gurguje, ya koma bakin daga. Da hatsin gida ya fara ja baya dole ya koma sansani, ya zumbula babbar riga a kan goyon, ya fito da ƙirji a gaba kamar wanda aka naɗa sarauta. Injin iska kuwa ya sa an ja shi can bayan rumfa. Wani direban tirela ɗan Gusau ya tsaya da tayar da ta sace, ya ga mai faci yana aiki a tsaye ƙiƙam, ba ya sunkuyawa, yana buga guduma kamar mai tsoron tashin wani daga barci. Can sai ya ji ƙara daga cikin rigar.

"Malam Cindo, lafiya? Cikinka ne ke kuka haka?"

Kafin ya sami amsa wani kai ya ɓullo ta wuyan rigar, a ƙarƙashin gemu, ya dubi direban, ya yi masa atishawa. Direban ya ja da baya har ya zauna a cikin rabin duro. Kafin magariba 'yan acaɓa sun sauya wa gwarzon kirari, duk wanda ya wuce sai ya danna oda ya ɗaga murya: "Mai jego, ya ƙwauri? Allah ya raya!" Da can irin wannan magana za ta sa ya jefi mutum da sifana. Yanzu sai ya dafa ƙirji ya ce amin, don shi kaɗai ya san cewa sautin nan na sacewa ya fara raguwa.

Sannu a hankali Sarkin Yaƙin Marka ya naɗe shimfiɗarsa. Tari ya yi laushi, majina ta janye dakarunta, zazzaɓi ya sauke tuta. Gagarau ya sauka daga goyo da ƙafafunsa, ya cinye naman kazar da ya rage, ya kai hari kan silifas ɗin Tabawa ya raba shi biyu, ita kuwa ta bi shi da tsintsiya tana zagi, amma duk wanda ya ga yadda take kai dukan ya san ƙasa take nufi. Likita ta saurari ƙirjinsa ta ce huhu ya washe. Ta dubi Cindo ta ce ya yi ƙoƙari, shi kuwa ya tuƙo babur zuwa gida yana gaishe da mutanen da bai sani ba.

Ranar da Baba Nomau ya dawo an share gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, rana ma ta fito don ta shaida. Tsohon ya rame, yana dogara sanda. Ya amsa gaisuwar Tabawa, ya sha ruwa, sannan ya ce a kawo masa ajiyarsa. Labarin goyo ya riga ya iske shi tun a tasha. Cindo ya kawo Gagarau da hannu biyu ya durƙusa. Tsohon ya ɗaga shi ta ƙeya, ya duba haƙora, ya matsa cinya, ya kara kunne a ƙirji ya daɗe yana saurare. Ya ajiye shi a ƙasa, sannan ya sa yatsu a baki ya yi fito irin na gidan Barmo, wanda in an yi shi kowane kare na wannan zuriya kan miƙe ya nemi abin kamawa.

Aka yi sa'a abin kamawa na kusa. Wani jan gwada ya sauko daga katanga ya tsaya a tsakiyar fili. Magajin Duna, ɗan Hana-Gudu, ƙarshen fatan gidan farauta, ya tako gabansa ya tsaya. Ƙadangaren ya gyaɗa kai sau ɗaya. Gagarau ya ƙwalla ƙara, ya juya da gudu, ya haye cinyar Cindo, ya kutsa ta ƙasan riga, ya haura har ƙirji, ya lafe a wurin da ya saba.

Cindo ya sunkuyar da kai, yana jin bugun zuciya biyu a ƙirjinsa, kowace na neman ta riga ɗaya.

"Wannan ko fara ba zai kama ba," in ji tsohon. "Ka lalata shi. Riƙe abinka."

"Baba, ka yi haƙuri, ni ne na..."

"Uwarsa a hannuna ta mutu. 'Yan'uwansa ma a hannuna, ina zaune ina kallo da duk layun da na gada." Tsohon ya dubi tudun da ke motsi a cikin rigar ɗansa. Ya yi tari, busasshe, ya dafa haƙarƙari. Ya kau da kai wajen katanga, kamar da ƙadangaren yake magana. "Tun a Zariya ƙirjin nan ke damuna, sun ba ni ƙwayoyi ba su yi ba. Wannan siracen naka da bubbugawar, kare kaɗai ake yi wa?"

Tabawa ce ta miƙe ta nufi madafa tana faɗin ita dai tukunya ɗaya ta rage mata a duniya, kuma in kare ya lashe ta sai dai a ci tuwo a hula.

Da haka aka rufe babin farauta a gidan Barmo, ba da rurin zaki ba, ba da amon bindiga ba, da gyaɗa kan ƙadangare. Da la'asar Ilu mai gyaran rediyo ya sake shigowa neman tsanin nan, ya leƙa ɗakin shirgi, ya ga tulin bargo ya ƙara girma, ana jin tafi a hankali daga ciki, da wata tsohuwar murya tana cewa, "Kai Cindo, sassauta, ni ba taya ba ne. Yawwa. Ɗan yi ƙasa kaɗan. Kuma ka cire mini karen nan daga wuya."